Ƙullin Gajiyar Yaya Tabawa

A unguwarmu an taɓa ɗebe gajiyar mutum aka ƙulle ta a ƙyalle, kamar yadda ake ƙulle kanwa. Wanda ya ce ƙarya ne ba zan yi musu da shi ba, don musu ma ƙarfi yake so, ni kuwa ba ni da na ɓatarwa.

Gajiyar ta Tabawa ce, mai tuwon bakin kasuwa. Tun tana budurwa iyayensu suka rasu suka bar mata ƙaninta Tanimu yana rarrafe. Ta goya shi ta ɗora tukunya, kuma tun daga ranar ba wanda zai ce ya ga ta zauna da rana. Ta yi aure, mijin ya rasu, tukunya ba ta sauka ba. Tanimu ya girma ya zama mai faci a bakin titi, ya ce ta huta haka nan, ta ce in ta huta wa zai ciyar da 'yan dakon kasuwa. Ran nan da hantsi tana cikin tuƙi sai muciya ta tsaya a hannunta. Ta zauna a ƙasa, daga nan ta kwanta. Ba zazzaɓi, ba ciwon kai, idonta biyu, amma ko ƙuda ba ta iya kora. Aka kai ta asibiti, aka auna duk abin da ake aunawa, aka ce ba a ga komai ba.

Gwaggo Ladingo ce ta gani, wata tsohuwa mai sayar da sassaƙe a ƙofar gidanta. Ta zo dubiya, ta ɗaga hannun Tabawa ta saki ya faɗi, ta ce wannan ba ciwo ba ne, gajiya ce ta shekara da shekaru ta taru ta zauna mata a ƙirji. Ta yagi bakin zanenta ta kara a bakin Tabawa, ta ce ta yi ajiyar zuciya. Tabawa ta yi wata doguwa, ƙyallen ya kumbura, Gwaggo ta yi maza ta ƙulle. Girmansa bai wuce goro ba, amma da ta miƙa wa Tanimu sai da ya tara hannu biyu.

“Ka kai shi Matsirgar Sauke-Kaya,” in ji ta, “ka jefa a ruwa da sunanta. Ranar da ruwa ya sha shi za ta tashi. Kada ya taɓa ƙasa, kada ka dawo da shi. Ƙullina ba ya wuce damina. In ya kwance, gajiyar za ta komo gida da yunwarta, kuma ba za ta bar Tabawa da numfashi ba.”

Matsirgar nan ba ɓoyayya ba ce. Hotonta yana jikin kalanda a shagunan aski, farin ruwa yana zubowa daga kan dutse, kuma 'yan makaranta da masu yawon buɗe ido suna cika mota su je kallo. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne tana shan gajiya, amma ta ɓangaren da motar kallo ba ta zuwa. Damina kuwa ta riga ta karkata, gero ya fara sunkuyar da kai.

Tanimu ya ari jakar goyo, ya zuba garin kwaki da ƙuli-ƙuli da buta, ya sa ƙullin a aljihun gaban rigarsa, aljihun ya rinjayi wuyan rigar gefe guda. Kafin ya isa tasha labari ya riga shi. Ashe tun da safe mutane suka yi layi a ƙofar Gwaggo Ladingo tana yagar tsumma tana ƙullewa. Kun dai san halinmu da matafiyi. Ba ka isa ka ce za ka wani gari ba sai an ce don Allah ga ɗan saƙo, kuma ɗan halak ba ya cewa jakarsa ta cika. Mai tura ruwa ya kawo nasa, wata malamar firamare ta kawo nata, wani tsoho ya kawo na matarsa. Kowa ya ce ai ba shi da nauyi. Tanimu yana karɓa yana cewa ba komai, yana maimaita sunayen don kada ya manta, har ɗan kamasho ya ce mota ta cika.

Tafiyar bas ba sai na ba ku labarinta ba, kowa ya ɗanɗana. Gwiwa a bayan kujerar gaba, buhun albasa a ƙarƙashin ƙafa, wani yana barci a kafaɗarka. Kwandasta ya ce a ɗora jakar a sama, Tanimu ya ƙi, ya rungume ta a cinya har ƙafafunsa suka mutu. Suka sauya mota a wani gari, suka sake sauyawa a wani, suka kwana a tasha, suka tashi. Taya ta fashe, shi ya yi facin da jaka a bayansa. Rannan da la'asar suka iske ruwa ya cinye gada. Direba ya ce shi iyakarsa ke nan. Masu zuwa kallo suka yi tsaki suka ce ba dole ba ne, suka koma mota. Tanimu ya tsaya a bakin rafi shi kaɗai, ya rasa ko ƙarfin yin kuka.

Yana nan tsaye sai ga wata tsohuwar bas ta ɓullo daga cikin rafin, ruwa yana tsiyaya daga tagoginta, ba ƙarar inji ba hayaƙi. Kwandastan dogo ne siriri, idonsa a tsaye maimakon a kwance. Ya leƙo ya ce, “Ya kai ɗan Adam mai kaya a baya, in Sauke-Kaya ka nufa, shigo. Ba ma jiran kowa, ba ma barin kowa.”

Tanimu ya yi bisimilla ya shiga. Fasinjojin ba irin waɗanda ake ƙura wa ido ba ne. Akwai mai kofato, akwai wata da kanta yake ajiye a cinyarta tana yi masa kitso, amma duk sun matsa masa wuri, abin da bai samu ba a motar mutane. Kwandasta bai tashi daga ƙofa ba ya miƙo hannu har kujerar baya, riƙe da gora. Ya ce kuɗin mota hamma ce. Tanimu ya yi hamma a bakin gorar, aka juye ta a tanki, mota ta zabura. Kwandasta ya jinjina kai ya ce rabon da su samu mai mai kyau irin wannan an jima, a yi masa sannu.

Zango na farko Garin Tsaye ne. A can ba a zama. Kujeru da turame da kututture duk suna da ƙafa, da ka karkata za ka zauna sai su ruga. Mutanen garin a tsaye suke ci, a tsaye suke jinya, ƙafafunsu sun kumbura kamar turmi. Da suka ga jakar goyo suka san inda aka nufa, suka kewaye motar suna miƙo ƙulli ta taga. Wani dattijo ya ce, “Baƙo, mun ji labarin mutanenku, an ce ba ku mayar da hannun mai saƙo. Ga na garinmu kaɗan.” Da ya ce kaɗan, Tanimu ya duba ya ga layi har bayan ganuwa. Zuciyarsa ta ce ya ƙi, bakinsa ya ce ba komai. Ya fitar da garin kwakin ya rabar don ya sami wuri.

Daga nan suka shiga ƙasar masu daka, inda mata masu hannu huɗu suke dakan yashi dare da rana, iska tana kwashe garin, su sake zuba wani. Ba wanda ya sa su, ba wanda zai ce su bari. Su ma suka bayar. Jakar ta yi nauyin da igiyoyinta suka yanka kafaɗar Tanimu, motar ma ta karkata ta ɓangarensa, har mai kofato ya koma ɗaya gefen don a daidaita.

A gaba suka tarar da shinge. Wani ifiritu ne zaune a tsakiyar hanya, ya miƙe ƙafa ɗaya ya tare ta, ga ma'auni rataye a reshen kuka. Aikinsa ya auna kowane fasinja da kayansa. Da aka ɗora Tanimu reshen ya yi ƙara. Ifiritu ya sunkuyo har numfashinsa ya kaɗa masa riga, ya ce, “Ya kai ɗan Adam, na auna ka na auna kayanka. Naka a ciki guda ne tak. Zubar da na mutane a nan, in ba ka hanya da sauƙi. Ba mai gani sai ni, ni kuwa ba na zuwa garinku.”

Tanimu ya ce, “Ranka ya daɗe, amana ce. Da sunan kowa na karɓa.”

“Ka tambayi inda za ka ko yana ɗaukar wannan duka?”

Tanimu ya ce bai tambaya ba, ai ruwa ne, ruwa kuwa ba ya cika. Ifiritu ya dube shi ya daɗe, irin kallon da ake yi wa akuyar da ta bi mahauci da kanta. Ya janye ƙafarsa ya ce su wuce, ya gaji da gaya wa mutane abin da ba za su ji ba.

Sai tudu. Motar ta hau rabi ta tsaya, hammar fasinja ta ƙare, kowa ya yi ta buɗe baki ba abin da yake fita. Kwandasta ya ce a sauka a tura. Tanimu ya sauka da jaka a baya don ba dama ya ajiye, ya kafa kafaɗa a bayan mota tare da aljannu. Tudun nan kuwa mugu ne, in kun hau taku ya ƙara tsawo, in kun tsaya ya yi dariya ƙasa ta girgiza. Taɓo ya cire masa takalmi ɗaya, ya bar shi nan. Ya zame ya faɗi a kan gwiwa, ya dafe aljihu da hannu ɗaya don kada ƙullin Yaya ya taɓa ƙasa, sai ya ji ƙullin ya ɗan yi sako-sako. Tsoro ya kama shi sosai. Ya tashi ya tura da ƙarfin da bai san yana da shi ba, har tudun ya gaji da wasa ya kwanta.

Da hantsi suka ji rugugi. Kwandasta ya ce nan ne, ya nuna masa wata siririyar hanya da ta bi ta bayan ruwan. Tanimu ya bi ta yana dafa dutse. Matsirgar ta fi ta kalanda nesa ba kusa ba, amma gaskiya ba ta burge shi ba, don wanda kafaɗarsa take jini ba ya kallon kyau. Ta cikin labulen ruwan yana hango masu yawon buɗe ido can ƙetare suna ɗaga waya suna ɗaukar hoto, su ba sa ganinsa.

A cikin kogon bayan ruwan wata tsohuwa take zaune, girmanta ya kai rumbu. Gashin kanta ne ya hau sama ya bi ta kan dutsen ya zubo, shi ne ruwan da duniya take zuwa kallo. Idanunta sun yi ja. Tanimu ya durƙusa ya yi sallama.

“Amin, wa alaika, ɗan Adam,” in ji ta. “Ni ce Uwar Matsirga. Tun farkon damina nake shan gajiyar talikai, mutum da aljan. Me ka kawo mini?”

Ya ce saƙonni ne na jama'a, da kuma na yayarsa wadda ta goya shi.

“Da wanne za ka fara?”

Hannunsa ya riga ya kai aljihu. Ƙullin Yaya yana nan, ba sai ya tona jaka ba, jefawa ɗaya ce ya gama abin da ya kawo shi. Amma sai kunya ta kama shi. A gidan da Tabawa ta rene shi ba a sa hannu a akushi kafin baƙo, kuma in an aike ka da kayan mutane ba ka fara biyan taka buƙatar. Ta yaya za a yi wannan babbar tsohuwa ta ga ya zo da saƙon gari guda ya fara da na gidansu? Ya janye hannunsa, ya ce zai fara da na mutane, nasa ya zo daga baya.

“Haka mutanenku suke,” in ji ta. “Bisimilla.”

Ya kwance jaka ya shiga jefawa, kowane da sunan mai shi. Na mai tura ruwa, na malama, na matar tsoho. Kowane ƙulli ya faɗa sai ruwa ya yi tsuwwa ya haɗiye, kafaɗarsa ta ɗan yi sauƙi. Ya shiga na Garin Tsaye, farin ruwan ya koma ruwan toka. Ya shiga na masu daka, ruwan ya yi duhu, rugugin ya ragu. An ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima, sai dai na Tanimu a kan sunaye yake, yana tsoron kada ya tsallake wani. Ni da nake ba ku labarin har yau in na zo nan raina ɓaci yake. Gida bai ƙoshi ba ake kai wa dawa.

Ya jefa na ƙarshe a jaka, ya yi hamdala, ya ciro na Yaya da hannu biyu. Uwar Matsirga ta ɗaga tafinta.

“Tsaya. Na ƙoshi.”

Ya duba, ruwan ya zama baƙi, ya sirance, yana ɗiga a hankali. Ya ce, “Ranki ya daɗe, guda ɗaya ne ya rage. Don shi na baro gida.”

“Na sani. In na ƙara ko ƙwaya ɗaya gashina zai tsinke, matsirga ta ƙafe har abada, masu zuwa baɗi su tarar da dutse. Sai sabon ruwa ya sauka ya wanke ni.”

“Me ya sa ba ki gaya mini ba?”

“Na tambaye ka da wanne za ka fara. Kai kuwa ba ka tambaye ni nawa zan iya sha ba.”

Ya ce ai baƙo ba ya tambayar mai gida yawan tuwonsa. Ta ce to, ga shi ya gani. Ya roƙe ta da girman Allah, ya ba ta labarin goyon da tukunyar, ya ce zai zauna ya yi mata bauta har baɗi. Ta ce ba ta da buƙatar bawa, kuma ƙullin ba zai kai baɗi ba, ya duba da kansa. Ya duba. Bakin ƙyallen yana warwarewa a tafinsa, zare bayan zare, wani ɗumi yana fita yana neman hanyar gida.

“Ba wata dabara?” in ji shi.

Tsohuwa ta ce, “Gajiya ba ta zama a sarari, ɗan Adam. Ko ruwa ya sha ta, ko mai ita, ko wanda ya yarda ya karɓa. In ka haɗiye, yayarka za ta tashi yau. Amma ka sani, ƙirjin da ya karɓa da kansa ba a sake ƙulle masa. Ba tsohuwar garinku, ba ni ba. Da ita za ka rayu.”

Tanimu bai yi dogon tunani ba, lokacin ma babu. Ya yi bisimilla ya jefa ƙullin a baki ya haɗiye. Ya ji shi ya sauka ya baje. Ya ji zafin murhu a fuskarsa, ya ji nauyin tulu a wuyansa, ya ji ciwon ƙugu na mai tuƙa tuwon mutum ɗari, har da nauyin wani yaro a bayansa, wanda ya gane ko wane ne. Ya zube a wurin. Uwar Matsirga ta miƙo hannu ta shafa kansa, ta kira kwandasta ta ce a mayar da shi har bakin rafi, kada a karɓi ko hamma ɗaya a wurinsa.

Yadda ya iso gida, masu motocin hanya ne suka sani, suna ɗaukarsa suna miƙa wa na gaba kamar buhu. Ya sauka a tasha da takalmi ɗaya da jaka wayam. Mai tura ruwa ya hango shi ya rugo da gudu ya rungume shi, malama ta aiko da abinci, tsoho ya yi ta sa albarka. Kowa ya warke garau. Tanimu ya ja ƙafa zuwa bakin kasuwa yana hutawa a jikin kowane bango.

Tun daga nesa ya ga hayaƙi. Tabawa ce tsaye a kan tukunya, ta ɗaure ƙugu, muciya tana juyawa a hannunta kamar ta yarinya, tana yi wa 'yan dako faɗa su bi layi. Daɗi ya kama shi har hawaye ya zubo. Ya sami gindin rumfa ya zauna, ya jingina kai.

Tun daga ranar faci ɗaya yake yi ya kwanta. Taya biyu a yini ta fi ƙarfinsa. Gwaggo Ladingo ta zo ta ɗaga hannunsa ta saki, ta dube shi, ya girgiza mata kai, ta tafi. Tabawa kuwa ba ta sani ba, kuma ya hana a gaya mata, don ya san halinta, cewa za ta yi a mayar mata da kayanta. Kullum da azahar takan kawo masa tuwo da kanta, ta same shi kwance a kan benci.

“Kai dai Tanimu ban san me ya same ka ba,” takan ce. “Ka je kallon ruwa ka dawo rago. Tashi ka ci. Ni da na yi shekaru a bakin wuta ka taɓa jin na ce na gaji?”

Shi kuwa sai ya yunƙura a hankali ya karɓi kwanon, ya ce, “Ban taɓa ji ba, Yaya.”